Foldar da Ba Ta da Suna

Yayana mai hoto ne. Amma in ka shigo layinmu ka tambayi shagon mai hoto, sai a tsaya ana kallon juna. Ka ce Ban-Yarda-Ba kake nema, ko mai facin da ke bakin kwalbati zai nuna maka ƙofar da baki. Kuma sunan bai zalunce shi ba. Mutum ne da in ka yi masa sallama sai ya fara duba hannuwanka kafin ya amsa. In aka ba shi ruwan gora, sai ya kai murfin kusa da kunne ya murɗa, in bai ji ƙarar ɓallewarsa ba, to ka sha kayanka. Ni ƙanwarsa ce, ni ke zama a teburin gaba ina karɓar mutane, kuma ranar da ya ɗauke ni aiki ya gaya mini a fili cewa ba don ya yarda da ni ba ne, don dai ya san gidanmu ne.

Shagon ɗaki biyu ne. Na gaba akwai benci, da akwatin gilashi cike da hotunan da rana ta cinye, da madubi inda mata ke gyara fuska. Na ciki shi ne fadarsa: labulen bango mai zanen matakala da tukunyar fure, fitilu biyu masu lema, da wata kujera marar jingina wadda ƙafarta ɗaya ta gaza, an tokare ta da kwali. Kwamfutarsa na can lungu, ya juya fuskarta ta kalli bango, don kada mai shigowa ya saci kallo.

A cikin kwamfutar nan duk aikin rayuwarsa yake. Kowane aiki da foldarsa, wato jakar da ake zuba hotuna a ciki, kuma kowace folda da sunanta mai tsawon tsiya, don Yaya ba ya taƙaitawa: auren ɗan mai taya rana ta biyu, 'yan makarantar bayan gidan mai, ajin ƙarshe, matar da ta ce na ƙara mata shekaru. Dubbai ne. Folda ɗaya ce kawai ba ta da suna, tana can sama da kowace, sai hoton 'yar jakar da fili a gefenta.

Na san abin da ke ciki, don ina da ido. Matarsa ce, Allah Ya ji ƙanta.

Mace ce da ta auri mai hoto amma ta tsani hoto. Ko a bango ba ta yarda an rataya nata ba. Sai dai kullum da rana ita ke kawo masa abinci a kula, shi kuma yana da wata ɗabi'a: ba ya ɗaukar baƙo da sabuwar kyamara ko sabuwar fitila sai ya gwada, don bai yarda da mai sayarwa ba, bai yarda da kamfanin ba, bai yarda da wutar ba. To wa zai zauna masa gwaji? Sai ya ce, "Ke, ɗan zauna in ga hasken nan." Ta zauna a kujerar nan mai kwali, kular na kan cinyarta, tana mita abinci zai huce. Haka ya yi ta ɗaukar ta shekara da shekaru: nan ta rufe ido, nan tana nuna shi da yatsa, nan tana dariya ta kare baki da gefen mayafi. Ta sa ya yi mata alkawarin ba zai wanke ko ɗaya ba, bai kuwa wanke ba. Na zamanin fim ya mayar da su cikin kwamfuta, daga baya rufin sito ya yi yoyo, fim ɗin ya manne ya lalace. Saboda haka duk duniya babu hotonta a ko'ina sai a foldar nan.

Da ta rasu, bakinsa ya daina iya kama sunanta, hannunsa ma haka. Ina tsaye ranar da ya tattara hotunan wuri ɗaya. Kwamfuta ta nemi suna, ya daɗe yana kallon allon rubutu, sai ya danna dogon maɓallin nan na ƙasa, mai sa tazara tsakanin kalma da kalma, ya danna, ya danna, ya bar ta haka. Ya ce mini wai dabara ce, ɓarawo ba ya neman abin da ba shi da suna. Na ce to. Tun daga nan kullum da safe, kafin ya ɗaga labulen ƙofa, sai ya buɗe ta ya ɗan zauna. Ni kuma sai in tsiri sharar da ba ta da dalili a ɗakin gaba.

'Yarsu ɗaya ce, muna ce mata Auta duk da ba ta da yayye. Mijinta gyaran kwamfuta da waya yake yi, yaro mai haƙuri, wallahi ni da ni ce da tuni na daina zuwa. Yaya ya sa masa suna Ɗan Murmushi, wai tun ranar farko ya lura yana murmushi kafin a faɗi abin dariya, kuma mai irin wannan akwai abin da yake lissafawa. Abin da yake lissafawa, a ganin Yaya, shagon ne.

Rigimar ta taso ne da tsohon injin wanke hoto ya mutu murus, aka kawo sabo. Sabon na jan hotuna kai tsaye daga kwamfuta, amma duk foldar da aka nuna masa sai ya ce bai gan ta ba. Dole aka kira Ɗan Murmushi. Ya duba, ya duba, ya ce, "Baba, injin nan ba ya karanta suna mai tazara. Da ya ci karo da fili tsakanin kalma da kalma sai ya ɗauka sunan ya ƙare. Sai an cire tazarar daga sunayen."

"Shekara nawa ina rubuta suna da tazara, wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, Baba. Akwai wata manhaja ta sauya sunaye da yawa lokaci guda. A zaɓi foldojin duka, a ce mata ta cire tazara, kafin ka sha ruwa ta gama."

"Duka? Lokaci guda?" Yaya ya sauke tabarau. "Ita me take samu?"

"Wa, Baba?"

"Manhajar. Me ake ba ta?"

"Kyauta ce."

"Kyauta!" Ya juyo ya kalle ni kamar ni na haifi manhajar. "Kin ji ko? Kyauta."

Ya ce da hannunsa zai yi. Ya zauna yana goge tazara ɗaya bayan ɗaya da yatsa guda, harshe a waje, in ya goge tazara sai ya haɗa da harafi, ya dawo ya gyara. Kwanaki suka tafi bai ko kankare saman aikin ba. Mutane kuwa sun cika mini benci, wata shugabar makaranta ta zo ta wanke ni tas a gaban jama'a kan hotunan ɗalibanta, ni da ban san hawa ba ban san sauka ba. Na shiga ciki na ce, "Yaya, ko ka kira yaron nan, ko ka fito ka zauna a teburin nan ka sha zagin da kanka. Ni na gaji, haba!"

Ya kira shi, amma da sharuɗɗa. Za a cire wayar intanet. Shi zai tsaya a bayansa. Za a duba jakarsa da shiga da fita. Yaron ya amsa duka, sannan ya ce a hankali, "Sai dai Baba, kafin irin wannan aiki ana kwafe komai a ajiye a gefe, ko da wani abu zai faru."

Yaya ya tafa hannu. "Yawwa! An zo wurin. Tun ɗazu nake jira. A kwafe a ajiye a gefen wa? Hotunan matan mutane da 'ya'yan mutane? Saurara da kyau. Ranar da hoto ɗaya ya bar shagon nan ta hannunka, ka manta hanyar nan, ka manta hanyar gidana. Matarka ta zo ita kaɗai."

Yaron ya sunkuyar da kai. A karon farko na ga bai yi murmushi ba.

Ranar aikin Ɗan Murmushi ya zo da safe. Aka zazzage jakarsa a kan benci, har sukurudireba Yaya ya ɗaga ya duba. Yaron ya shiga ƙarƙashin tebur ya daɗe yana haɗa wayoyi. Ana cikin haka wata mata ta kawo jariri hoton fasfo, jaririn ya buɗe baki da ihu, Yaya ya koma yana kaɗa masa makullai, ido ɗaya a kyamara ido ɗaya a lungu. Da aka gama, yaron ya ce a bar kwamfutar a kunne, kada a taɓa ta, zai dawo da yamma.

"Me ya sa take nishi haka?" in ji Yaya, ya kara kunne a jikinta.

"Aiki take yi, Baba."

Da yamma ya dawo ya buɗe manhajar. Ta jero tsofaffin sunaye a hagu, sababbi a dama, jeri har ba iyaka. Yaya ya karanta na farko-farkon da suka faɗo idonsa, ya ga kalmomi sun manne da juna, ya ce sun koma kamar mutane a motar haya. Yaron ya danna. Ko zama ban gyara ba aka ce an gama. Aka gwada injin, sai ga hotunan 'yan makaranta suna fitowa, tas da su. Aka laluba aljihun yaron, aka sake zazzage jakarsa, ba a sami komai ba. Ya tattara kwalin sabon injin da ledojinsa ya ce zai yar mana a hanya. Har na sa masa albarka.

Yana fita Yaya ya ja kujera gaban kwamfuta, ya fara sintiri a cikin jerin foldojin. Yana da wata doka da ya kafa wa kansa tun da wani ya ba shi labarin yadda ake shiga kwamfutar mutane: duk abin da ba shi ya raɗa wa suna da hannunsa ba, dasa shi aka yi, kuma buɗe shi shi ne faɗawa tarko. Ba a buɗewa, sharewa ake yi. Ina haɗa hotuna a ambulan na ji ya ƙwala mini kira.

"Zo ki gani! Ban gaya miki ba?"

Can tsakiyar jerin, ga wata folda ɗauke da sunan nan da kwamfuta ke ba kowace sabuwar folda kafin a raɗa mata nata.

"Ni ban taɓa barin folda da wannan suna ba. Jiya babu ita. Ga kyautar taku nan."

"To ka buɗe mana ka gani, Yaya."

"In buɗe? Abin da suke so ke nan."

Ya danna sharewa. Kwamfuta ta tambaye shi ko ya tabbata, ya ce mata da baki, "Na tabbata, munafuka." Ya bi ta kwandon sharar kwamfutar ya zubar, aka sake tambayarsa, ya sake tabbatarwa. Na lura abin ya ɗan ɗauki lokaci, na ce, "Ikon Allah, wannan da nauyi take." Ya ce ai nauyin sharrin da aka cusa a ciki ne. Ranar har rakiya ya yi mini zuwa bakin titi, yana tafe yana murza gemu, ya kama ɓarawo.

Washegari da safe na ɗauki tsintsiyata kamar kullum. Shiru ya yi yawa a ciki. Sai na ji ƙarar kujera ta faɗi.

Na same shi tsaye, yana jan jerin sama da ƙasa, sama da ƙasa. Saman jerin, inda fili yake zama, yanzu wani aiki ne na wani mai aski. Ya ɗauki waya ya kira Ɗan Murmushi. Ban taɓa jin muryarsa haka ba. "Ka zo yanzu. Kai da matarka."

Suka zo a gigice, Auta ko ɗankunne ɗaya ba ta sa ba. Yaya bai bari sun zauna ba. "Ina ka kai ta? Nawa suka ba ka? Ka ɗauki shagon, ga makullai, ka ɗauki injin, amma ka dawo mini da ita!"

"Baba, wace folda ce? Manhajar ba ta share komai, suna kawai take sauyawa. Gaya mini sunanta in nemo ta yanzu."

Yaya ya kau da kai. Ya kalli kujerar mai kwali.

Ni na amsa. "Ba ta da suna, ɗana. Tazara ce zalla. Hotunan mahaifiyar matarka ne a ciki, kaf ɗinsu."

Auta ta dafe ƙirji. Ita ba ta ma san akwai su ba.

Sai fuskar yaron ta saki. "To ai da sauƙi, Gwaggo. In sunan tazara ne zalla, da aka cire tazarar babu abin da ya rage, kuma folda ba ta zama haka. Manhajar za ta ba ta sunan sabuwar folda ne. Tana nan a cikin jerin, bari in..."

Ya miƙa hannu, sai ya ga yadda muke kallon juna ni da Yaya. Hannun ya tsaya a iska.

"Kwandon shara fa?" ya tambaya a hankali.



Yaya ya lalubi bango, ya zame ya zauna a ƙasa, a kan wayoyin fitila. Wallahi na sha jin haushin mutumin nan, na sha yi masa fatan ranar da zarginsa zai juyo ya cije shi, amma da ranar ta zo sai na ji kamar a tsaga ƙasa in shige. Tsoho ne kawai a zaune, tabarau a karkace, yana kallon yatsansa. "Sau biyu ta tambaye ni," ya ce. "Sau biyu."

Auta ta durƙusa tana kuka, tana ce wa mijinta ya yi wani abu. Ya ce akwai masu tono abin da aka share, amma sai an kai musu kwamfutar, kuma ba tabbas, tunda an ɗora sabon aiki a kai tun jiya. Yana magana yana kallon ƙofa. Ya kalli matarsa, ya kalli surukinsa, ya shafa ƙeya. Sai ya fita. Na ce a raina, shi ke nan, yaro ya gaji, kuma ba zan ga laifinsa ba.

Bai daɗe ba ya dawo, yana haki. Ya durƙusa a gaban Yaya, ya ajiye wani ɗan baƙin abu kamar sabulu, da guntuwar waya a jikinsa.

"Baba, ka hana ni, na kuma ji ka. Amma hannuna bai iya taɓa aikin shekarunka babu madadi ba. Jiya da safe na maƙala wannan a bayan kwamfutar, shi ne nishin da ka ji. A cikin kwalin injin na fita da shi. Komai na ciki, da tsofaffin sunayensu. Ban buɗe ko ɗaya ba. Na san abin da ka ce zai biyo baya."

Kai! Ashe duk laluben aljihun nan, da hannuna na riƙe masa ƙofa ya fita da shagon gaba ɗaya, har ina sa masa albarka.

Yaya ya daɗe yana kallon abin. "Wato ka sace."

"Na kwafa, Baba."

"Ka sace. Na faɗa tun ranar farko." Ya juyo gare ni, ido jawur. "Ban faɗa ba?"

"Ka faɗa, Yaya," na ce. "Tashi ka duba."

Yaron ya haɗa, jerin ya buɗe, ga fili can sama a inda yake. Yaya ya ɗora hannu, ya kasa dannawa, sai Auta ta ɗora nata a kan nasa. Ga ta nan a kujerar mai kwali, kula a cinya, ta nuna shi da yatsa, bakinta a buɗe tana tsakiyar faɗa. Auta ta yi wani irin sauti, rabi kuka rabi dariya, ta ce, "Umma!" Ni dai na koma ɗakin gaba na ɗauki tsintsiya, na share inda na riga na share.

Da na dawo an mayar da foldar cikin kwamfuta, kwamfutar na jiran suna. Yaya ya tura wa Auta allon rubutu, ta rubuta abin da ta kira ta da shi ɗazu, kalma ɗaya, babu inda tazara za ta shiga. Yaron ya zare ɗan baƙin abin, ya miƙa wa Yaya da hannu biyu, ya ɗauki jakarsa.

"Na bar ku lafiya, Baba. Gwaggo, a yafe ni."

Har ya kai labule Yaya ya ce, "Kai."

Ya tsaya. Yaya ya juya abin a hannunsa, ya kalli aljihun teburinsa mai kwaɗo, ya kalli yatsan nan nasa. Sai ya tashi, ya buɗe jakar yaron da kansa, jakar da ya zazzage sau biyu jiya, ya saka abin a ciki, ya ja zif.

"Ka ajiye a wurinka. Duk ƙarshen wata ka zo ka ƙara abin da ya ƙaru." Ya gyara tabarau. "Kuma kada ka gaya mini inda ka ɓoye shi. Ko na tambaye ka, ko na rantse maka, kada ka gaya mini. Ban yarda da mutumin nan ba."

"Wane mutum, Baba?"

Yaya ya sake kallon yatsansa. Ya tafi ya ɗaga kujerar da ta faɗi, ya gyara kwalin da ke ƙarƙashin ƙafarta, ya ce mini in ɗaga labulen ƙofa, mutane na jira.